Shafi na Arba'in da Bakwai

Wata tara ina kiwon hujja ɗaya
kamar mai kiwon akuya a gidan haya.
Na ba ta dusa, na ba ta barcina.
Ran Talata Dakta Sada ya dasa jan biro
a shafi na arba'in da bakwai,
ya ce, "Nan fa? Wa ya ba ki izinin tsallakewa?"
Layi ɗaya ne. Wani ɗan "saboda haka"
da ba shi da uwa, ba shi da uba.
Duk abin da na ɗora bisansa ya zauna ƙasa
kamar katangar laka a tsakiyar Agusta.

Ɗakinmu na ɗaliban babban digiri
tebur uku ne da fanka mai tari,
da allon da ba a gogewa sai an ɗauki hotonsa.
Nasiba na ƙirga ruwan Ajiwa:
nawa ke shiga, nawa rana ke shanyewa,
wace shekara famfon Ƙofar Marusa zai yi gum.
Rabe na bin sauro da lissafi,
unguwa-unguwa, damina-damina.
In ya ɓata alama ɗaya, in ji shi,
wani yaro ne zai kwana da zazzaɓi.
Su ko a gidan biki aka tare su
suna da amsar da ke shiga kunne.

Ni ƙulli nake nazari.
Igiyar da ba ta da kauri, ba ta da baki,
ba ta taɓa ɗaure ko tunkiya ba.
Tambayata ita ce: yaushe ƙulli biyu ke zama ɗaya
in an hana ka wuƙa?

Na hau bas a hanyar Dutsin-ma,
takardun nan dai, amma jakar ta ƙara nauyi.

A Rafindaɗi na iske Baba a zaure
yana tufkar rama, ƙafa a miƙe,
bakin igiya a babban yatsa.
Shekara arba'in guga na sauka rijiya da aikinsa.
Bai taɓa tambayata amfanin karatuna ba,
wannan aikin Kawu Abashe ne, kowace sallah.
Takarda ta zamo daga jakata, ya ɗauka.
"Mi ne wannan, ɗiyata?"
Na ce, "Biyu ne, ina so in nuna ɗaya ne."

Ya yanko guntu biyu,
ya ƙulla kowanne yadda na zana,
ya haɗe bakunan, ya sassauta,
ya juya, ya zura, ya sake juyawa.
Ban taɓa ganin zanena da inuwa ba.
Kaji suka shige akurki. Aka kira magariba.
Ya aje su kan tabarma, ya karkaɗe riga:
"Ba su zama ɗaya. Wanga na dama ne, wancan bahago.
Ko takalmi kama gare su,
amma sa na hagu a dama ki ji."
Ya ɗauki buta.

Wata tara ina lallashin ƙarya ta zama gaskiya.

Na san hannu ba hujja ba ne a jami'a,
ba a sa "in ji Baba" a ƙasan shafi.
Amma daren nan, babu wuta,
na jingina waya da gwangwanin madara,
na juya alƙalami ya fuskanci inda na baro.
Tufka da warwara, ashe duk sana'a ɗaya ce.

Da safe na aje igiyoyin gaban Dakta Sada.
Ya cire tabarau. Ya yi ta juya su
har shayinsa ya yi sanyi,
Nasiba da Rabe na leƙe ta taga.
Bai ce madalla ba. Ba ya cewa.
Ya turo mini farar takarda,
ya ce, "To, rubuta dalili."

Ɗayan guntun kuma ya sa a aljihu.
Har yau bai maido ba.